Abin da Littafi Ya Ba Uwa, Al'ada Ta Karɓe

Duk wanda Allah ya nufa da zama a farfajiyar kotun alƙali da hantsi, ko da ba shi da ƙara, ba a kuma kira shi shaida ba, sai dai ya rako wani, ko rana ta koro shi zuwa inuwar darbejiyar da ba a rasa ta a irin waɗannan wurare, ba zai daɗe ba zai lura da wani abu wanda yawan ganinsa ya sa muka daina mamakinsa, watau galibin masu jiran a kira sunansu a kan sha'anin aure mata ne, wata da goyo, wata da tsohuwar da ta rako ta, wata kuwa ita kaɗai, ta ƙulle 'yar takarda a bakin mayafi kamar mai ɓoye kuɗin cefane. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Namiji, idan zama ya ishe shi, ba shi da bukatar alƙali, gama igiyar aure a hannunsa take, yagen takarda daga littafin makarantar ɗansa ya wadatar da shi, a wannan zamani ma har saƙon waya an ga ya kashe auren shekara ashirin. Mace kuwa, idan ita ce zaman ya gallaba, kuma yaji da biko sun ƙare, iyaye sun gaji da cewa a yi haƙuri, mai unguwa da limamin masallaci sun yi nasu sun kasa, to ba ta da wata ƙofa face ta alƙali. Saboda haka wanda yake so ya san ko shari'ar iyali tana aiki a ƙasarmu, sai ya dubi abin da macen nan take fita da shi daga wannan ƙofa, da abin da take bari a ciki.

Wannan kujera ta alƙali ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma ba Turawa suka kawo ta ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano tun a farkon jihadi domin ya shiryar da masu hukunci, kuma da Nasara suka ci ƙasa sai suka iske alƙalai a kan buzayensu, suka bar su a ƙarƙashin sarakuna da En'e, suka dai taƙaita musu hukuncin haddi. A 1934, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan domin su horar da alƙalai. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, wadda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. A ƙarshen shekarun 1960 mulkin soja ya raba sarakuna da kotunansu, aka mayar da na alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnati. Daga 1999 kuma, da Zamfara ta buɗe hanya, jihohi goma sha biyu suka faɗaɗa aiki da shari'a. Abin lura a cikin wannan dogon sauye-sauye shi ne, an yi ta ja-in-ja a kan kisa da sata da bulala, an ƙwace, an mayar, amma babin aure da saki da reno da gado ba wanda ya taɓa fitar da shi daga hannun alƙali, har tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya tabbatar wa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da hurumi a kansa. Ke nan a wannan babi ba mu da wani Bature da za mu jingina wa laifi. Littattafan da ake hukunci da su namu ne, Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, masu karanta su kuma 'ya'yanmu ne.

To, me littattafan suka ba macen da ta kawo ƙara? Mazhabar Imamu Malik, a cikin mazhabobin nan huɗu, tana daga cikin waɗanda suka fi buɗe wa mace hanyar rabuwa ta hannun alƙali. Idan miji ya kasa ciyarwa, alƙali zai yanka masa wa'adi, in wa'adin ya cika bai kawo ba a raba. Idan ya rantse ya ƙaurace wa shimfiɗarta, wata huɗu ne iyakarsa. Idan yana cutar da ita da duka ko zagi ko wulaƙanci wanda irinta ba ta jurewa, kuma cutarwar ta tabbata, tana da haƙƙin a sake ta ba tare da ta biya ko anini ba. Fuƙaha'u, da yake sun san cewa abin da ke faruwa a bayan labule ba ya samun shaidu biyu adalai masu gani da ido, sun karɓi shaidar ji, watau abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da mata da masu shiga gidan har ya zama sananne. Idan kuwa al'amari ya rikice, kowa yana zargin ɗan'uwansa, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda Suratun Nisa'i ta yi umarni, kuma a wurin Malikawa waɗannan biyun suna da ikon su raba auren idan suka ga gyara ya faskara.

Amma duk waɗannan hanyoyi suna bukatar zama bayan zama, da sammaci, da kiran shaidu, da kuɗin mota, da haƙurin jiran ranar da za a ɗage zuwa wata ranar, alhali kuwa akwai wata gajeriyar hanya a gefe, wadda ba ta bukatar bayyina ko ɗaya, ita ce hul'i, watau mace ta fanshi kanta da dukiya. Asalinsa halal ne ba shakka, tun daga matar Sabitu ɗan Ƙaisu wadda ta mayar masa da gonarsa, ita kuwa ba ta zarge shi da komai ba a halinsa ko addininsa, zuciyarta ce kawai ta ƙi. Hul'i magani ne na macen da ba a cuce ta ba. Abin da ya zama ruwan dare a kotunanmu kuwa shi ne, mace ta zo da tabon bulala a gadon baya, ko da labarin wata shida ba a auna mata ko tiya ɗaya ba, a tambaye ta shaidu, ta ce maƙwabta sun ƙi zuwa domin ba sa son shiga tsakanin miji da mata, sai a juya ga miji a ce nawa ka bayar, shi kuma, da yake ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya fara lissafi tun daga kuɗin na-gani-ina-so, da toshin salla, da lefe, da sadaki, har da ragon suna in an ƙyale shi. Macen da ta shigo tana bin bashin ciyarwa sai ta fita ana bin ta bashin aure, sau da yawa ma wani bazawari ne a waje zai biya, ta fita daga wani ɗaki ta faɗa wani tun hankalinta bai komo jikinta ba. Halilu kuwa ya faɗa a fili cewa idan cutarwa ta tabbata bayan an yi hul'i, ko da ta shaidar ji ce, dukiyar da ta bayar za a mayar mata, sakin kuma yana nan daram. Ban san sau nawa aka karanta wa mace wannan mas'ala a gaban miji ba, amma na san da ana karantawa da lissafin ragon suna ya ragu.

Sai dai duk wannan sha'anin dukiya ne, ita kuwa dukiya ana mayar da ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaron da ke goye.

Idan ka tare mutum goma a bakin kasuwa ka tambaye su wa ke da ɗa idan aure ya mutu, ina zaton tara za su ce maka na uba ne, uwa ta shayar, in ta yaye ta miƙa, kuma za su faɗi haka da sakankancewar wanda yake zaton hukuncin Allah yake faɗa. Na goman, in ya taɓa zama gaban malami ya kai babin hadana, watau reno, a Risala, zai yi murmushi. Gama abin da mazhabarmu ta tabbatar shi ne, reno haƙƙin uwa ne bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita, kuma wannan shi ne wa'adi mafi tsawo da wata mazhaba ta ba uwa. Idan uwar ta rasu, ko ta auri wani bare ya tare da ita, renon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba; kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sa'an nan 'yar'uwar uwa, sai an wuce waɗannan da makamantansu kana a zo ga kaka ta wajen uba, sa'an nan shi uban. Hikimar wannan jeri a bayyane take ga duk wanda ya taɓa ganin yaro ɗan shekara uku yana zazzaɓi da tsakar dare. Uba yana da walicci, shi ke da alhakin tarbiyya da karatu da aurarwa, a kansa kuma ci da sha da tufafi da magani suke, ko yaron yana ɗakin wa; amma hannun da zai yi wanka da tsifa da rarrashi, shari'a ta zaɓi wanda ya fi tausayi, ta kuma san cewa uban da ya karɓi ɗa ba shi zai rene shi ba, zai fita kasuwa da sassafe ne ya bar shi a hannun kishiyar uwarsa. Ba na cewa kowace kishiyar uwa muguwa ce, a'a, mun ga waɗanda suka riƙe 'ya'yan miji fiye da na cikinsu, Allah ya saka musu. Sai dai shari'a ba ta gina hukunci a kan sa'a.

Ga littafi, ga kuma abin da ake yi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba don alƙalai sun jahilci mas'alar ba ce. Idan mace ta tsaya ta nemi hadana da sunanta, ta kuma jure, galibi ana ba ta, manyan kotuna ma sun sha tabbatar da haka idan aka ɗaukaka ƙara. Matsalar ita ce ba ta nema. Ba ta nema domin ba ta san nata ba ne. Ko ta sani amma mahaifinta ya ce ba zai ciyar da ɗan wani ba alhali ubansa na raye. Ko tana tsoron bazawari zai guje ta idan ya ga agola. Ko kuwa, kuma wannan ya fi ciwo, an sa mata yaran a cikin farashin hul'i, an ce in kina son takardarki ki bar mini 'ya'yana. Malamai sun halatta mace ta sarayar da renonta a hul'i, amma sun ɗaure shi da sharaɗin kada yaron ya cutu, domin hadana ba haƙƙin uwa kaɗai ba ce da za ta sayar kamar ɗan kunne, yaron ma yana da rabo a ciki. Shi kuwa yaron ba shi da baki a zauren, ba shi da wakili, ba a rubuta sunansa a takardar sammaci ba. Idan alƙali ya tsaya a kan cewa shi ba ya hukunci sai a kan abin da aka kawo gabansa, to a zahirin ƙa'ida ya yi daidai, amma ya manta cewa tun asali alƙali shi ne waliyyin wanda ba shi da mai tsaya masa.

Akwai kuma wata ƙofa da maza suka gano, ita ce ta tafiya. Fuƙaha'u sun ce idan waliyyi zai ƙaura ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi shida, kimanin mil 72 ke nan, yana da ikon ya tafi da yaron, sai fa idan uwar za ta bi. An yi wannan hukunci a zamanin da irin wannan tafiya take cin kwanaki a kan raƙumi, uba kuma in ya yi nisa labarin ɗansa ya yanke masa. Yau tsakanin Kano da Zariya, wanda ya ɗara wannan nisa, mutum yana zuwa ya komo tsakanin hantsi da la'asar. Ko ya dace a ci gaba da auna maslahar yaro da tafiyar raƙumi, wannan tambaya ce da na bar wa ma'abota ijtihadi, ni dai na ajiye ta a gabansu.

Idan kuma an ba uwa reno, sai a shiga babin ciyarwa, a nan ne kuwa hukunci yake zama tawada a kan takarda. Alƙali zai yanka wa uba wani abu a kowane wata gwargwadon halinsa, ya biya na fari, ya biya rabin na biyu, na uku a neme shi a rasa. Ma'aikacin gwamnati ana iya bin sa ta wajen albashinsa, amma ɗan kasuwa da direba da manomi, waɗanda su ne mafi yawa, ba wanda ya san abin da ke shiga aljihunsu sai Allah. Matar za ta koma kotu, ta sake biyan kuɗin sammaci da na mota, wani lokaci abin da za ta kashe wajen nema ya kusa kai abin da take nema, kuma kuɗin da aka yanka shekara uku da suka wuce yau ba ya sayen kwanon masara biyu. Daga ƙarshe sai ta gaji, ta sa a kai masa yaran, mutane kuma su ce ai ga shi, da ma ɗa na uba ne. Haka al'ada take cin nasara, ba da hujja ba, da gajiyarwa.

Kada mai karatu ya ɗauka na ɗora wa alƙalai kaya duka. Na ga alƙalin da yake sauraron ƙararraki masu yawa a yini ɗaya, a ɗakin da rufinsa ke yoyo, yana rubuta bayanin kowa da hannunsa, ga shari'ar gona, ga ta bashi, ga ta gado mai magada talatin; irin wannan in ya ga hanyar da za ta rufe shari'a a zama biyu, sai mai tsananin tsantseni ne zai ƙi bin ta. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai matan da ke hana uba ganin 'ya'yansa don ramuwa, akwai masu ƙirƙirar cutarwa don wani ya yi musu alkawari a waje. Mafi girman ɓarna ma ba a kotu take faruwa ba, a gida take, ranar da aka ce wa mace tattara kayanki, alhali Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta har iddarta ta cika, hanin da muka mayar kamar ba a saukar da shi ba, har macen da ta zauna idda a gidan miji ita ake yi wa kallon marar zuciya. Da ana zaman iddar nan a inda aka ce a yi ta, da saki nawa ya zama kome kafin tsarki na uku.

Waɗansu ƙasashe sun taɓa wannan matsala. Maroko, wadda mazhabarmu ɗaya da ita, ta gyara dokarta ta iyali a 2004, ta mayar da saki abin da ake yi a ƙarƙashin kulawar kotu, inda miji ba zai sami izinin rubuta shi ba sai ya ajiye haƙƙoƙin matar da na 'ya'ya a hannun kotu. A nan gida, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi shelar wani daftari na dokar iyali a 2017, wanda malamai suka zauna a kansa, amma ƙurar da ta tashi duk a kan maganar ƙarin aure ga marar hali ta tashi, sauran babobin ba wanda ya tsaya ya saurare su. Gwamnatin Kano kuma tun 2012 take ɗaura auren zawarawa ta hannun Hisba, abin alheri ne, sai dai wanda yake kwarfar ruwa daga ɗaki ya kamata wani lokaci ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Ni abin da nake roƙo bai kai girman sabuwar doka ba, kuma ba ya bukatar majalisa. Alƙalin Alƙalai na kowace jiha yana da ikon ya ba kotunan da ke ƙarƙashinsa umarnin aiki, cewa kada a rufe wata shari'ar rabuwar aure, ta hul'i ce ko ta cutarwa ko ta tabbatar da saki, face alƙali ya tambaya da bakinsa ko akwai 'ya'ya, su nawa ne, shekarunsu nawa, a hannun wa suke. Ya bayyana wa uwa da uba a fili, da Hausar da za su gane, abin da littafi ya ce game da reno da ciyarwa. Ya rubuta wanda zai riƙe, da abin da za a biya, da ranar da ɗayan zai riƙa ganinsu, a cikin takardar hukuncin kanta. Muna da i'izari, tambayar nan ta ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, kuma mun ɗauke ta da girma har rashinta yana rushe hukunci a kotun sama. Tambaya a kan yaro ba ta fi wannan wuya ba.

Na taɓa raka wata 'yar'uwa tawa irin wannan zama, shekarun baya, a wata kotu da ba sai na ambaci garinta ba. Kafin a zo kanta aka kira wata yarinya da ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, da goyo a baya da wani ɗan kimanin shekara huɗu riƙe da gefen zanenta. An gama lissafi, wanta ya ƙirga kuɗin ya miƙa, mijin ya furta, magatakarda ya rubuta. Har sun juya za su fita sai alƙalin, wani dattijo mai furfura wanda tun safe bai ɗaga murya ba, ya ce, "Baiwar Allah, dakata. Waɗannan yaran fa?"

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, babban yau zai tafi da shi, ƙaramar kuma in na yaye."

Ya ce, "Wa ya yanke haka?"

Ta dubi wanta, wan ya dubi mijin, mijin ya dubi ƙasa. Can sai wan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai haka ake yi."

Alƙalin ya sa hannu ya jawo wani littafi mai jan bango wanda gefensa ya lanƙwashe don yawan buɗawa, ya ce wa magatakarda kada ya rufe shafin tukuna, ya ce su duka su koma su zauna.